Magen Mai Kitso

Duk barcin da na taɓa yi mai daɗi a duniya, tsakanin gwiwoyin Gwaggo na yi shi. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye, a gidanta na bakin gari a Dandamisa, inda katangu ke ƙarewa gonakin rake su fara. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu tun ban san dama da hagu ba. Abin da ya rage mata shi ne kitso, kuma da shi ta cika gidan nan da mutane.

Akwai mangwaro a tsakar gidan. Da hantsi ya yi sai ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa, ta ajiye kujerarta 'yar tsugunno, ta fito da kibiyar ƙarfe wadda take tsaga gashi da ita, da ɗan ƙoƙon man shanu. Kafin ta gama zama an yi sallama. Mace za ta shigo da surutu cike da baki, ƙorafin miji da na tsadar taki, ta zauna ta jingina kai da cinyar Gwaggo. Kafin a kai kitso na uku murya ta yi ƙasa, kafin na biyar ta fara gyangyaɗi. Idan lokacin dafa mazarƙwaila ne, ƙamshin ruwan rake da ke tafasa can bayan gari yakan shigo ya haɗu da na man shanu ya tsaya a ƙarƙashin bishiyar, har mutum ya rasa ko idonsa biyu ko mafarki yake. Ni dai har yau idan na ji ƙamshin mazarƙwaila sai wuyana ya saki, kaina ya nemi inda zai jingina.

A wajenmu ba iya kitso kaɗai ake dubawa ba, ana duba hannu. Akwai hannun da ke karɓar mutum, gashi ya yi ta tsiro yana cika. Akwai kuma wanda mata ke cewa yana cin gashi: ko kitson ya yi kyau kamar me, bayan wata biyu sai ki ga goshi yana ja da baya. Hannun Gwaggo kuwa an shaide shi. Daga Nasarawan Doya ake kawo mata amare, har daga Malikanchi an sha ɗauko yarinya a bayan babur don kawai Gwaggo ta ɗora mata hannu a ka. Ba ta taɓa yabon kanta da baki ba, amma na san yadda take kama haɓar mace idan ta gama, ta juya kan dama da hagu tana kallo, sannan ta ce, "To, tashi." A cikin wannan "to" ɗin duk alfaharinta yake.

Gashin da ya zube ba ta barinsa a ƙasa, kada tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa da shi mai kan ta yi ta ciwon kai. Takan dunƙule shi ta cusa a tsagar katangar bayan madafi. Katangar nan duk ta yi ɗigo-ɗigon baƙi, rabin kawunan matan garin suna cikinta.

Ina shekarar farko a kwalejin horar da malamai a Zariya magen ta zo. Wata magen unguwa ce ta haihu a ƙarƙashin rumbu, ta kwashe 'ya'yanta uku zuwa wani wuri ta bar ɗaya. Gwaggo ta jira ta yini guda ba ta dawo ba, sai ta ɗauki 'yar ta sa a ƙwarya, tana tsoma tsumma a madara tana matsa mata a baki. Baƙa ce wuluk a lokacin, gashinta a cike, kuma duk mai zuwa kitso ta gani. Wannan ne abin da aka riƙa tunawa daga baya: da gashinta ta shiga hannun Gwaggo.

Bayan 'yan makonni sai gashin ya fara tafiya. Ya soma daga kewayen idanu, ya bi hanci da baki, ya bar bayan kunnuwa da ƙafafu. Wanda ya rage a jiki ya zama tsilli-tsilli, baƙi gauraye da fari kamar furfura, ana hango fata ta cikinsa. Idanun suka fito ƙuru-ƙuru, rawaya, a tsakiyar fuskar da ba komai a kanta. Ranar da na dawo hutu na yi sallama, ita ta fara fitowa daga ɗaki ta tsaya tana kallona. Na saki jaka na yi baya har na taka kwanon ruwan kaji.

"Innalillahi! Gwaggo, mene ne wannan?"

"Mage ce mana. Ba a koya muku mage a makarantar ba?"

"Wannan ai 'yar kura ce. Ko aljana."

"To aljanar ta gama mini da ɓerayen rumbu. Ki gaishe ni tukuna, sannan ki zagi baƙuwata."

Haka take kiranta, baƙuwa, kuma har ta mutu ba ta sami wani suna ba. Na durƙusa muka yi ta jera gaisuwa, ina tambayar gida tana tambayar karatu, idona yana kan halittar nan. Da muka gama ta ce in miƙo hannu. Na ƙi. Ta kama hannun da ƙarfi ta ɗora a bayan magen. Na zaci zan ji kaushi irin na tsintsiya, sai na ji laushi, da wani ɗumi kamar na goshin jariri. Magen ta lumshe ido ta fara 'yar ƙarar nan da suke yi a maƙogwaro idan sun ji daɗi. Kafin hutun ya ƙare a kan ƙafafuna take barcin rana.

Yara sukan leƙo ta kan katanga su ruga da ihu. Mai kawo itace ya daina shigowa, sai dai ya sauke a ƙofar gida ya yi kira. Matan da ke zuwa kitso da farko dariya suke yi, suna tsokana wai mai kitson gari guda ta kasa gyara kan magenta. Gwaggo ta ɗauki maganar da gaske. Duk abin da ta sani na gashi sai da ta gwada a kan baƙuwar. Ta shafa mata man shanu, ta lashe. Ta shafa man kaɗe, ta lashe. Ta wanke ta da karkashi, ta sha yakushi. Ta aika kasuwar Makarfi aka sayo farar wuta, wai ko ƙazuwa ce. Da malamin dabbobi ya zo yi wa shanu allura sai da ta sa aka kira shi. Ya juya magen, ya duba fatar, ya ce babu ƙazuwa babu kora, lafiyarta ƙalau, shi dai bai taɓa ganin irinta ba. Abin da aka samu a duk wannan wahala shi ne magen ta yi ƙiba, fatarta tana ƙyalli.

Kullum da la'asar, idan mace ta ƙarshe ta tashi, baƙuwa takan hau cinyar da aka bari da ɗumi. Gwaggo ta yi ta shafa ta tun daga ka har wutsiya da hannun nan mai maiƙo, tana yi mata hira ƙasa-ƙasa. Wani lokacin ta sauka ta hau katanga ta bi ta a hankali, rana tana bayanta, hasken yana ratsa ɗan gashin nan har a ga kamar hayaƙi ne ya yi siffar mage. Nakan zauna ina kallonta har a kira magariba.

Da bazarar shekara ta biyu ta kama, ɗan abin da ya rage ma sai ya zube. Cikin mako biyu ta koma fata zalla, sai sili-sili a gadon baya. A daidai lokacin ne kuma gaban goshin wata mata ya cinye. Matar nan kowa ya san ta je biki birni an shafa mata man nan mai miƙar da gashi, wanda ke ƙona fatar kai. Ni da idona na ga tabon. Amma da ta tashi neman dalili sai ta tsallake man ta sauka a kan Gwaggo. A gidan suna ta faɗa, mata cike da tsakar gida: "Ni ban ce komai ba. Amma ku dubi magen da take shafawa kullum. Da gashinta aka haife ta."

Magana ta tashi. Wata ta tuna ita ma da ta yi tsifa ta ga gashi da yawa a mataji. Wata mai jego ta ce nata ma yana zuba, sai ka ce akwai mai jegon da nata ba ya zuba. Aka ce hannun Gwaggo ya juya, ko tsufa ne, ko wani abu ta taɓa, Allah dai ya sani. Ba wadda ta zage ta. Kawai wadda ke zuwa duk mako biyu sai ta aiko cewa kanta na ciwo, yarinyar da aka sa wa rana kuma a kai ta wani gari. Na dawo dogon hutu na tarar da tabarma a shimfiɗe da hantsi, ƙoƙo a buɗe, Gwaggo a kan kujerarta, ba kowa a gabanta sai mage.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na figi mayafi zan tafi gidan matar nan in tuna mata man da ta shafa, Gwaggo ta ce idan na taka ƙofar gida ba da yawunta ba. Na dawo na zauna ina huci. A nan ne dabara ta zo mini, irin dabarar wadda ta yi shekara biyu a kwaleji tana ganin ta fi garinsu wayo. An koya mana cewa idan ana gardama a kan dalilin abu, sai a cire abin da ake zargi a ga ko za a sami canji.

"Gwaggo," na ce, "ki daina taɓa ta kwana arba'in. Ni zan riƙa ba ta abinci. Za su gani da idonsu yadda take haka za ta zauna, ko kin taɓa ko ba ki taɓa ba. Sai mu ga bakin da za su yi magana da shi."

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. "In kuma ya fito fa?"

"Ba zai fito ba. Man shanun da muka ƙarar a kanta ya fi ƙoƙo goma, ya fito?"

"Kwana arba'in da yawa, 'yar nan. Ba ta san laifin da ta yi ba."

Na matsa mata har ta yarda. Ban tsaya nan ba, sai da na je bakin rijiyar unguwa na shelanta wa mata, da ƙarfi, har da riƙe ƙugu. Na ce ranar cikon arba'in duk mai ido ta zo ta gani. Na samo gawayi na fara jan layi a bangon ɗakina, kowace safiya ɗaya.

Kwanakin nan a raina sun haɗe sun zama yini ɗaya mai tsawo. Zafi, kukan kurciya, ganyen mangwaro ba ya ko motsi. Gwaggo ta riƙa zama da hannuwanta a naɗe cikin gefen zane kamar mai jin sanyi. Baƙuwa ta zo za ta hau cinya, Gwaggo ta miƙe tsaye. Ta bi ta madafi, ta bi ta bakin randa, tana neman goga jiki a ƙafarta, Gwaggo tana janyewa tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri." Bayan mako guda magen ta daina bi. Sai ta sami wuri kamar taku biyu daga kujerar ta zauna, ta naɗe wutsiya, ta kafa mata idanun nan. Su yini a haka, tsohuwa da mage, suna kallon juna. Na ji tausayinsu, amma ba zan ɓoye ba, na fi ɗokin ranar da zan kunyata matan gari.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ran nan ruwan farko ya sauka da azahar, ƙasa ta tashi da ƙamshi, maza suka bazu gona. Layukan gawayi sun kai ashirin da wani abu ke nan. Washegari ina ba wa baƙuwa kan kifi a bakin ƙofa, rana ta faɗo a bayanta, sai na ga wani duhu-duhu a fatar. Na kai yatsa. Tsiro ne, ƙanana, a jere tun daga wuya har gindin wutsiya, kamar gero kwana uku da shuka.

Na shigar da ita ɗakina na rufe, na ce wa Gwaggo ruwa nake gudar mata. Kwana biyu ina dubawa, abin sai ƙaruwa yake. A rana ta uku na sayo reza. Na zauna a bakin gado na matse magen tsakanin gwiwoyina, na ɓare rezar. Sai labule ya ɗaga.

"Ajiye," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ba wanda zai sani."

"Ni na sani. Tun kafin ruwan nan na gani. Shekara nawa ina kallon kawuna, a ce tsiron gashi ya ɓuya mini?" Ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwanta cikin zane. "Kar ki yanke ta. Bar shi ya fito. Dubi yadda yake mata kyau."

Ranar cikon arba'in mata suka zo, tunda ni na gayyace su. Baƙuwa tana kwance a gindin mangwaro da gashin da ba ta taɓa yin irinsa ba tun tana jaririya. Fuskar dai tana nan yadda take, amma jiki ya rufu. Na shirya baki, na shirya faɗa, ba wadda ta ba ni dama. Suka gaishe da Gwaggo da ladabi, suka tambayi ruwa da shuka, suka ce Allah ya sa kaffara ne, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Da yamma Gwaggo ta wanke kibiyarta da toka, ta goge, ta naɗe a tsumma ta sa a ƙasan kwalla. Man shanun da ya rage ta zuba a miya. Magen ma ba ta koma ɗora ta a cinya ba.

Mace ɗaya ce ta dawo. Matar ma'aikacin asibitin garin ce, 'yar kudancin Kaduna, wadda ke zuwa ranar Asabar a yi mata kitson zuwa coci. Ta shigo ta cire ɗankwali ta zauna a tabarma kamar kullum.

"Mama, ni ban yarda da maganar nan ba. Shekara huɗu kina mini, ga kaina, ki duba."

"Na gode, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Amma kan mutum amana ne. Tunda na gani da idona, ba zan ɗora miki ba."

Matar ta yi magiya har ta yi ƙwalla, Gwaggo ba ta motsa ba. Ni ma da kitsona ya tsufa, wajen wata ta tura ni can cikin gari, mai ja kamar tana tuge gyaɗa. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce dacewa ce kawai aka yi. Ta ce, "Ke kika ce a gwada. An gwada."

Da wata bazarar ta zagayo gashin ya sake zubewa tas. Ina jin labari na hau mota daga Zariya, na faɗa gida ko sallama ban gama ba.

"Kin gani ko! Shekara guda ba ki taɓa ta ba, ga shi ya zube!"

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, kamar yarinyar da aka kama tana lasar miya.

"Na taɓa ta."

"Yaushe?"

"Da na yi zazzaɓin nan. Na idar da salla ina lazimi, ta zo ta kwanta a kan ƙafata. Sau ɗaya ne. To, sau biyu." Ta ɗago. "Ba zan iya ba, 'yar nan. Hannu ne, sai ya sami abin da zai shafa."

Daga ranar ta daina ɓoyewa. Ta ɗauki baƙuwa ta ɗora a cinya, ta ce ita dai magen ta san abin da hannun yake yi mata kuma ba ta gudu ba. Haka suka ci gaba. Gashin ya zo, ya tafi, ya sake zuwa. Idan ya zube Gwaggo ta ce ta cika shafawa, idan ya fito ta ce kwanan nan aiki ya yi mata yawa ba ta zauna ba. Duk ta inda na ɓullo tana da amsa, kuma ni na koya mata wannan irin tunani. Ta koma ɓarar gyaɗa da tsinkar zogale. Gidan ya yi shiru, mangwaro ya yi ta zubar da 'ya'ya ba mai tsinta.

Ranar da aka yi mini kitson aure a bakin ƙofa ta zauna, mage a cinya, tana gaya wa mai kitson inda za ta tsaga. "Matsa hagu kaɗan. A'a, kin yi yawa." Wadda ta yi wa amaren garuruwa uku kitso ba ta taɓa kan 'yar da ta raina ba. Na yi kuka ran nan, mata suna ta cewa kukan barin gida ne, na ƙyale su.

Baƙuwa ta yi shekara goma sha ɗaya. Ta mutu da rana tsaka a kan cinyar nan, Gwaggo ta binne ta da kanta a gindin katangar bayan madafi, ƙarƙashin gashin matan gari.

Ni kuwa aka tura ni koyarwa Ikara, shekaru suka yi ta wucewa. Wata rana a ofishin malamai, ana jiran a tashi, ina ta jan hotuna a waya don ɗebe kewa, sai ga baƙuwa. Ita ce sak, fuskar, idanun, har furfurar, tana zaune a kan wata kujera mai laushi a ƙasar Turawa. Na danna na karanta, na sake karantawa. Ashe iri ne. Ba su da yawa a duniya, a cikin kyanwoyin unguwa ake samunsu jefi-jefi, uwa da uba masu gashi su haifi ɗaya haka. Sunan da aka ba su ma na kyarkeci ne, saboda fuskar. An rubuta cewa da gashi ake haifarsu, ya zube bayan 'yan makonni, kuma lokaci-lokaci sukan zubar da shi kusan gaba ɗaya ya sake fitowa da kansa. Ba ciwo ba ne. Ba su rubuta "ko an taɓa ko ba a taɓa ba" ba, ni na ƙara wannan a raina.

Na tashi na zaga bayan aji na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar aurena. Haushin kaina nake ji, da na gawayi, da na riƙe ƙugun nan a bakin rijiya. Da na rufe bakina, da ruwa ya sauka Gwaggo tana shafa magenta, gashin ya fito a ƙarƙashin hannunta kowa yana gani.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Makarfi, na hau babur zuwa Dandamisa. Lokacin rake ne, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana kwance a kan gonaki. Na same ta a gindin mangwaro a kan kujerar nan. Ta tsufa ƙwarai, yanar ido ta fara rufe mata ɗaya, yatsun sun kumbura a gaɓoɓi sun lanƙwashe. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara da makaranta ɗaya bayan ɗaya, ban isa in tsallake ko guda ba. Sannan na fito da waya na kai mata kusa da idon mai gani.

"Baƙuwa," ta ce a hankali. "Wa ya ɗauke ta hoto?"

"Ba ita ba ce, Gwaggo. 'Yar'uwarta ce, a wata ƙasa."

Ta kai yatsa ta shafa bayan magen a kan gilashin. Hoton ya zame ya tafi, wani tallan takalmi ya fito.

"Kin gani," ta ce, "ko a nan ma kore ta nake."

Na yi dariya da hawaye, na dawo da hoton. Na mayar mata da komai cikin Hausa, a hankali, sau biyu. Na ce haka Allah ya halicce su. Na ce lokacin fitowarsa ne ya zo daidai da kwanakina arba'in, ko da tana shafa ta safe da yamma da ya fito. Na ce ta yafe mini.

Ta ɗaga hannuwanta biyu ta juya su, ciki da baya.

"Ashe lafiyarsu ƙalau," ta ce. "Duk shekarun nan."

Ta tambayi matar ma'aikacin asibiti, na ce an daɗe da mayar da su garinsu. Ta tambayi mai goshin nan, na ce ai ta rasu, ke ma kika aike ni gaisuwa. Ta gyaɗa kai. Ba sauran wadda za a je a gaya wa.

Na cire ɗankwali. Dama da tsifata na zo. Na janyo tabarma na zauna na juya mata baya, na jingina da gwiwoyinta. Mun daɗe a haka ina jin numfashinta a ƙeyata. Can ta ce, "Kwalla ta ƙasa, cikin tsumma." Na shiga na ɗauko. Kibiyar ba ta yi tsatsa ba ko kaɗan, ashe tana gogewa.

Tsagar farko ta fito a miƙe tun daga goshi har ƙeya. Na ji ta a fatar kaina, sanyin ƙarfen da nauyin hannun, ba abin da ya canza. Ta raba gashin uku. A nan yatsun suka tsaya. Ta ɗora ɗaya a kan ɗaya, na ukun ya suɓuce. Ta sake. Ina jin tana ambaton Allah ƙasa-ƙasa. Ƙamshin rake ya shigo ta kan katanga, kurciya tana kuka, wuyana ya saki kamar da. Na lumshe ido, har na ga kamar wani abu mai kama da hayaƙi yana bin katangar a hankali. Daga la'asar zuwa faɗuwar rana kitso ɗaya ta yi, sako-sako, ya karkace wajen kunne.

Ta tsince 'yan gashin da suka maƙale a yatsunta, ta dunƙule, ta riƙe a tafin hannu tana kallo.

"Kowane kai yana zubar da wannan, Gwaggo," na ce da sauri.

"Ke za ki gaya mini?" Ta miƙo mini. "Je ki cusa a katanga, kada tsuntsu ya ɗauka."

Na je na cusa, na dawo na durƙusa a gabanta. Ta kama haɓata da lanƙwasassun yatsun nan, ta juya kaina dama, ta juya hagu, ta daɗe tana kallon kitson nan guda ɗaya. Na jira ta ce, "To, tashi."

"Zauna," ta ce. "Ban gama ba."